Ba a Jefa wa Ɗan Adam Igiya

Jaki ne abu na farko da na ga kanal, wato magudanar ruwan dam, ya ci. Na wani mai kawo itace kasuwar Talata Mafara ne. Ya sauke masa kaya don ya sha ruwa, jakin ya miƙa wuya, ƙafafun gaba suka zame, sai ga shi tsundum. Jaki ya iya iyo, wannan ma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sai ya zo gefe ya kafa kofato a jikin siminti, kofaton ya zame, ruwa ya ƙara gaba da shi. Mai jakin na bin bakin kanal a guje yana salati, mu ma muna biye da shi, ƙarti majiya ƙarfi, babu mai ko sanda a hannu. A inda ruwan yake kurɗawa ƙarƙashin hanyar mota akwai ragar ƙarfe da aka sa don tare shara, nan ruwan ya danne shi muna kallo. Jama'a suka yi wa mai jaki jaje suka watse. Ni na koma gida na kasa cin tuwo, domin a daidai wurin da jakin ya zame na ga 'yan mata suna miƙa tulu da safiyar ranar.

Ku samarin da kuka zo mini kwanan baya, wai za ku kafa ƙungiyar taimakon gari kuna neman in sa muku albarka, har kun ɗinko riguna iri ɗaya tun ba ku san aikin da za ku yi a cikinsu ba, ban kore ku don ƙiyayya ba. Haushi kuka ba ni. Ɗaya daga cikinku ya ce wai tara masu aikin sa-kai ba wani abu ba ne, sanarwa ce a masallaci mutane su fito. Ni Labbo gyaran keke ne ya ciyar da ni, amma aikin da na tsufa a cikinsa shi ne neman mutanen da za su yi wa gari wahala ba a biya su ba, da koya musu yadda za su yi ta su koma gida da ransu. Sa-kai irin na da nake nufi, ba na bindiga ba. A bakin kanal na fara, shekarun da aka gama dam ɗin Bakolori aka sako ruwa.

Ku kun tashi kun tarar da kanal, ba ku san baƙo ne ba. Mu gulbi muka sani. Gulbi yana da gaɓa mai yashi, in ya ja ka zai kai ka wani lanƙwasa ya ajiye, ko ka kama saiwa ko ciyawa. Da rani kuma sai ya janye, yara su yi wasa a cikinsa. Kanal ba shi da gaɓa. Bango ne na siminti a kishingiɗe, gansakuka ta lulluɓe shi, santsinsa ya fi na miyar kuɓewa. Ruwan cikinsa ba ya ƙara, ba ya kumfa, tafiya kawai yake yi, kuma da tsakiyar rani ya fi cika, lokacin da kowa yake jin ƙishi. Tun daga wajen Maradun har gangarowa Bakura mutane suka riƙa zuwa masa da halin da suka saba zuwa wa gulbi.

Na fara neman mutane a mummunan lokaci. Gonaki sun tafi, wasu ruwa ya cinye, wasu an baje su da manyan motoci, maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Abin da ya biyo baya kun ji a bakin iyayenku, ba shi zan ba ku ba. Amma ku sani, duk wanda ya ce a zo a yi gadin kanal a shekarun nan, kallon ɗan koren kamfanin da ya gina dam ake yi masa. Wani dattijo a ƙauyen Tsibiri ya bari na gama gaisuwa tsaf, na tambayi gida da gajiya da dabbobi, sannan ya ce, "Ruwan da yac ci gonata kaka so ɗana shi yi ma gadi?" Na ce ba ruwan za a yi wa gadi ba, jikokinsa za a yi wa. Ya ce in sha ruwa in kama hanya. Sanarwa a masallaci kuwa na yi ta. Kowa ya ce Allah ya ba da lada, aka shafa fatiha, washegari ni kaɗai na je.

Waɗanda suka fara kawo kansu su ne waɗanda ban so. Gwanayen ruwa ne, 'ya'yan masunta da samarin da suka saba tsallake gulbi da damina. Gwanin ruwa in ya ga mutum yana nutsewa ba ya tunani, tsalle yake yi, sai ka wayi gari da mutum biyu a ciki maimakon ɗaya. Wani da ya dame ni da cika baki na ɗaura masa igiya a ƙugu na ce ya shiga ya fito da kansa in gani. Ya yi iyo mai kyau, wannan ba a hana shi ba. Da ya zo fita ya kafa yatsu a siminti har farcensa ya ɓalle. Sai da muka jawo shi. Tun daga ranar na kafa dokar da ban taɓa sassautawa ba: ɗan ƙungiya ba ya shiga ruwa. Kuma na fi son wanda bai iya iyo ba, don shi tsoronsa zai riƙe shi a tudu.

Haka na je ga Umaru. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ruwan dam ya tashe su daga ƙauyensu suka dawo gefen Mafara yana ƙodago a gonakin mutane. Yana kawo mini keke gyara. Na lura in ana hayaniya a bakin tasha shi ne ba ya ɗaga murya, in kaya ya faɗi daga mota shi ne ya riga kowa sunkuyawa. Irinsa ake nema. Da na yi masa magana ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da tsohuwarsa ta ce. Wannan ma ku riƙe shi. Ba mutum kaɗai kake ɗauka ba, daga hannun wani kake aron sa, in ba ka je ka roƙi mai shi ba, ranar da aka busa usur za a tare masa ƙofa.

Inna Ige, mahaifiyarsa, tana kaɗi a gindin bango na same ta. Na durƙusa muka gaisa, ta saurare ni ba ta ajiye mazari ba.

"Labbo," ta ce, "duk abin da nih haihwa, shi ɗai Allah yab bar min. Gona ruwa ya ci ta. Yanzu shi kuma kaka so in ba ruwan?"

Na ce, "Inna, ba shi shiga. Don bai iya ruwa ba nit taho wurinai. Aikinai riƙon igiya na, ƙahwahunai bisa tudu."

"Ka hwaɗa min da bakinka ba shi taɓa ruwan ga."

"Na hwaɗa, Inna."

Ta murza zare, ta ce, "To, Labbo, na ba ka shi."

Maganar igiya da na yi mata, a lokacin na riga na san inda zan samo ta. Wata Talata ne, ranar kasuwa, wani bajimi ya ƙwace a hanyar mayanka ya yi cikin masu tumatir. Kowa ya ranta a na kare. Sai ga wani mahauci gajere mai faɗin ƙirji, Bube sunansa, ya karkaɗa igiya sau ɗaya ya sake ta. Sa yana gudu, kai yana lilo, amma zargen ya sauka a ƙahonsa kamar da hannu aka ɗora. Abokansa suka kama bayan igiyar. Ba su ja da ƙarfi ba, suka bi bajimin suna rage masa hanya kaɗan-kaɗan har ya tsaya yana huci. Ina tsaye da famfon keke a hannu na ce a raina, ga mutanen kanal nan suna yanka nama.

Na je gaban Sarkin Fawa da goro na roƙa. Ya yi mamaki, don ba a saba zuwa unguwar mahauta neman komai ba sai nama. Kun san yadda garuruwanmu suke, ba sai na ɓoye muku ba. Manomi zai ci tsiren mahauci ya lashe yatsa, amma ba zai ba shi 'yarsa ba, ba zai so su zauna tabarma ɗaya a wurin shawara ba. Sarkin Fawa ya kira Bube ya tambaye shi ko zai iya. Bube ya ce, "Abin da ruwa yaj ja, ai kai shika ɗagawa. In ya ɗaga, igiya na isa." Ya zo da 'yan uwansa.

Koyon ya ci mana rani guda. Igiyar fata da suke kama shanu da ita ta jiƙa ta yi santsi, muka koma ta rama, mai kauri, a tsoma ta a ruwa tukuna don ta yi nauyin jifa. Sai mu jefa kututture mai reshe ɗaya a sama da inda muke, ruwa ya taho da shi, Bube ya nuna yadda ake jifa. Ba kan abin ake jefawa ba, gabansa ake jefawa, ruwa ya kawo shi cikin zarge. Ba a so igiya ta kama wuya ita kaɗai, sai ta haɗa da hannu ɗaya ta zauna a hammata. In ta kama, ba a ja gaba da ruwa, sai masu riƙo su bi kanal da tafiya suna jawowa a hankali har mutum ya zo gefe, sannan a ɗago shi. Mahauta su ne masu jifa, manoma su ne masu riƙo, kuma Umaru ya fi kowa iya riƙo, don ba ya firgita ya fizga. Muna da gora doguwa mai ƙugiya a baki don wanda yake kusa da gefe, da usur a wuyan kowa. Muka bi makarantun allo da wuraren wankin mata muna faɗin abu ɗaya: in ka faɗa, kada ka yi kokawa da bango, ka ɗaga hannu ɗaya sama ka bar shi a ɗage, igiya tana zuwa.

Ta kuwa zo wa mutane da yawa. Mun ciro yara, mun ciro wata tsohuwa da ƙwaryarta a hannu ta ƙi saki, mun ciro shanun Fulani da awaki. Dattijon nan na Tsibiri da kansa ya aiko ɗansa. Manoma suka fara koyon jifa a hannun Bube, amma jifan zarge a kan abin da yake tafiya ba a iya shi a rani ɗaya. Su mahauta tun suna yara suke yi.

Ƙungiya ba ta tafiya sai da uba, mutumin da zai shiga gaban hakimi a saurare shi. Namu shi ne Alhaji Namadi, babban ɗan kasuwar hatsi. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi mana rana. Shi ya hana a riƙa kiran mu 'yan kamfani, shi ya ɗinka mana kaki. Kakin ne dai ya jawo mana waɗanda ba aikin suke so ba, fareti suke so a yi ranar sallah 'yan mata su gani. Na haƙura da su, na sa su busa usur.

Ranar da abin ya lalace ina wurin. Alhaji ya dawo daga Bakura a kan babur, la'asar ta kama shi a hanya, ya tsaya alwala a bakin kanal kusa da inda mata suke wanki. Shi da ya sha jin ina cewa a ɗebo ruwa da guga a koma tudu, ya tsuguna a kan siminti da babbar riga ta shadda. Yana wanke ƙafar dama ta hagu ta tafi. Rigar ta kumbura ta ɗauke shi zuwa tsakiya, sannan ta sha ruwa ta fara jan sa ƙasa. Bube ya yi jifa ɗaya, zargen ya haɗa kai da hannun dama. Umaru da sauran suka bi da igiya yadda aka koya. Aiki ya yi kyau, ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau ba.

Sai dai hannu ba ya manta abin da ya saba. Da ana jawowa, mahautan suka riƙa irin kirarin da suke yi in suna jan bajimi. Da aka ɗago shi yana shure-shure, ɗayansu ya cafke ƙafarsa ya kwantar da shi a gefe ɗaya ya danne ƙugu da gwiwa, don ruwan cikinsa ya fita. Daidai ne a aikin ceto, amma kowa a wurin ya san inda ya saba ganin wannan kwanciya. Wandon Alhaji kuma ruwa ya tafi da shi. Mata suka rufe fuska, wata ta kasa riƙe dariya, sauran suka kama. Umaru ne ya tuɓe rigarsa ya rufe shi. Igiyar ta ɗaye masa fata a hammata, ban da wannan lafiyarsa lau. Kafin magariba labari ya gama gari. Washegari yara suna wucewa ta ƙofar rumbunsa suna kwaikwayon kukan bajimi.

Bayan mako guda Alhaji ya kira taro a zaurensa. Dattawan ƙungiya suna kan tabarma, Bube da mutanensa suna tsaye daga bakin ƙofa, don ba wanda ya ce su zauna.

"Ni ba ni butulci," in ji Alhaji. "Bube ya hid da ni, na gode mai, na ba shi riga. Amma ɗan Adam Allah ya girmama shi. Ba a jehwa mai zarge awa dabbar da za a kai mayanka. Daga yau mutum da hannu aka ɗaga shi. Igiya ta shanu da jakkai ta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, da hannu munka jira, da yau sadakar bakwai ɗinka aka yi cikin zauren ga."

Wani dattijo ya ce, "Labbo, kama bakinka. Kai kaj jawo muna mahauta cikin sha'anin mutane."

Sha'anin mutane, haka ya ce, Bube yana tsaye yana ji. Na dubi fuskokin da suke kan tabarmar nan. Akwai wanda aka ciro jikarsa da wannan igiya, akwai wanda aka ciro masa saniya. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ba tsoron Alhaji kaɗai ba ne. Kowannensu ya hango kansa kwance a gefe ɗaya da gwiwar mahauci a ƙugunsa, ya ga gara a hana tun yanzu. Na yi magana har muryata ta dushe. Na ce tsakiyar kanal gora ba ta kaiwa, hannu ba ya kaiwa. Aka ce Allah ne mai tsarewa. Na ce Allah ne ya ba mu igiyar. Aka ce na fara saɓo.

Bube bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, mu koma wurin shanunmu. Su in anka hid da su ba su kiran taro." Ya ajiye rigar da Alhaji ya ba shi a bakin ƙofa, suka naɗe igiyoyinsu suka tafi.

Za ku ce me ya hana ni ma in tafi. Na yi niyya. Amma in na tafi, bakin kanal zai koma hannun masu fareti, kuma 'yan mata ba za su daina zuwa da tulu ba don Labbo ya yi fushi. Na bi Bube har mayanka na roƙe shi, ya ce shi ba zai tsaya inda aka ce ba mutum ba ne, kuma ban ga laifinsa ba. Na je gaban hakimi, aka ce maganar cikin ƙungiya ce, ubanta ya yanke. Na sayo igiya da kaina na ba manoma, dattawa suka aiko aka karɓe, aka ce duk wanda aka gani da zarge a bakin kanal ya tuɓe kaki. Suka ce a koyar da ɗagawa da hannu: mutum ya kwanta rub da ciki a kan gangaren, wani ya riƙe masa idon sawu, ya miƙa hannu. Na ce wannan shiga ruwa ne da wani suna. Na gaya wa mutanena su tsaya ga gora, in gora ba ta kai ba su busa usur su yi ta busawa. Na ce da Umaru shi musamman ya ajiye aikin har a daidaita. Ya ce, "Malam Labbo, in na zauna gida wa ka tsayawa wurin wankin mata?" Shi ne irin mutumin da na zaɓa, ba zan ce na yi mamaki ba.

Wata Talata ce. Mahauta duk suna kasuwa. Umaru yana wurin wankin mata shi da wani Sahabi, cikin waɗanda kaki ya kawo. Wata Bafulatana mai tallar nono ta sunkuya ɗauraye ƙwarya ta zame ta faɗa ruwa. Suka miƙa mata gora, ta kama, hannunta ya zame, ta sake kamawa ya sake zamewa, da goyo a bayanta. Umaru ya ga goyon. Ya kwanta a kan gangaren yadda dattawa suka ce, Sahabi ya riƙe ƙafafunsa. Ya cafko zanenta, ya maƙala shi a ƙugiyar gorar da wani mai wucewa ya riƙe, aka jawo ta da ɗanta da rai. A cikin wannan jan ne gansakuka ta ɗauke ƙirjinsa, ƙafafun suka suɓuce wa Sahabi. Ban taɓa zargin Sahabi ba. Babu hannun da zai riƙe jiƙaƙƙen mutum a kan wannan santsi.

Ina rumfata na jiyo usur, na hau keke. Kafin in isa ruwa ya kai shi tsakiya. Na gan shi da idona. Bai yi kokawa da bango ba, bai yi ihu ba. Hannunsa na dama yana sama, a miƙe, yadda shi da kansa ya koya wa yaran makarantar allo. Kai ya nutse ya fito, hannun yana nan a ɗage. Muna bin sa a guje da gora wadda ba ta kaiwa, wani ya kwance rawani ya jefa, iska ta dawo da shi. Tafiya mai nisa ya yi da hannun nan a sama yana jiran abin da muka ce masa yana zuwa. Mai jifa mafi rauni a cikin mutanen Bube da ya kama shi ido rufe.

Wani ya ruga mayanka. Bube ya zo a guje da jini har gwiwar hannu, igiya a kafaɗa, amma a ragar ƙarfe ya tarar da mu. Jifa ɗaya ya yi, aka jawo gawar. Dattawan da suka iso wurin suna tsaye, ba wanda ya ce a ɗaga shi da hannu.

Har yau ban huce ba. Ba jahilci ne ya kashe Umaru ba, ba rashin kayan aiki ba. Muna da mutanen, muna da igiyar, mun iya aikin. Girman kan mutum ɗaya ne, da dattawan da suka fi jin tsoron dariyar mata a kan mutuwar wani. Bayan nan a ɓoye aka aiko mini cewa a dawo da igiya, ba wanda ya kira taro don wannan. Bube bai sake sa kaki ba, amma har ya tsufa in ya ji usur yakan ajiye wuƙa ya fito. Manoma kuwa na bi gida-gida, babu uwar da ta ƙara ba ni ɗa. A nan ƙungiyar ta mutu. Na kafa wasu daga baya, na gyaran rijiyoyi da na haƙar kabari, kuma kafin in ɗauki mutum ɗaya sai na fara sanin wanda yake da ikon canja mini doka, da abin da zai sa ya canja ta.

Ranar sadakar ukun Umaru, Alhaji Namadi ya zo da buhun gero. Ya ce a matsayinsa na uban ƙungiya yana so a kai shi ciki ya yi wa tsohuwa gaisuwa, ni aka sa na shiga da shi. Inna Ige tana zaune a tabarma, 'ya'yan Umaru sun jingina da ita. Alhaji ya tsuguna.

"Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi. Kwana na yaƙ ƙare."

"Haƙuri sai godiya, Alhaji," ta ce. Ta tambaye shi gida, ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi kasuwa da gajiyar hanya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yana amsawa yana shirin tashi, sai ta ce, "Ni kau ban samu nit taho gaishe ka ba wancan karon, ƙahwahu sun ƙi. An ce igiyar ta ɗaye ma hwata ga hammata. Ya wurin? Ya warke?"

Alhaji ya mai da ido kan tabarma. Ya ce, "Ya warke, Inna."

"To, madalla. Allah shi kiyaye gaba."

Ya tashi ya fita, har ya manta takalminsa sai da aka bi shi da shi. Ni na tsaya a durƙushe ina jiran nawa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta yi shekaru bayan nan a raye, kullum na je gaishe ta tana amsawa, har ruwa takan sa a kawo mini, amma ba ta ƙara kiran sunana ba.